Jim Reeves ko Don Williams: faifan wa ya kamata ka fara saye?

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban kwalin tsofaffin fayafayan garmaho, a wurin masu kayan gwanjo ko a ɗakin shirgin gidan wani tsohon ma'aikaci, ya san fuskoki biyu da ba sa ɓuya. Ɗaya fes da shi cikin kwat, gashi a kwance, yana ɗan murmushi. Ɗayan kuma da gemu da wata hular kaboyi da ta sha jiki. Na farkon Jim Reeves, na biyun Don Williams. Za ka ga su Kenny Rogers da Dolly Parton da Charley Pride jefi-jefi, amma waɗannan biyun su ne suka fi cika gidajen iyayenmu da suka yi boko, su ne kuma gidajen rediyo suka fi sakawa a shirye-shiryen zaɓen masu sauraro na Turanci.

Mai kuɗin sayen kwalin gaba ɗaya ba ya bukatar shawarar kowa. Maganata da wanda kuɗinsa bai wuce na faifai uku ko huɗu ba, yana so ya fara tarawa, ba ya kuma son ya je gida ya tarar ya yi zaɓen tumun dare. Ra'ayina shi ne ya fara da Don Williams. Ba don ya fi Jim Reeves murya ba, domin bai fi shi ba. Dalilin yana cikin yadda aka yi fayafayan mutanen biyu, da shekarun da aka buga su, da abin da ya same su a hannun mutane kafin su iso gabanka. Akwai kuma waɗanda Jim Reeves ɗin ne ya dace da su tun farko, zan zo kansu.

Mawaƙan biyu dukkansu mutanen jihar Teksas ne a Amurka, amma ba sa'o'in juna ba ne. An haifi Jim Reeves a 1923. Wasan besbol ya fara sa wa gaba, rauni ya raba shi da fili, sai ya koma aikin sanarwa a gidan rediyo. Wannan aikin ya bar masa gado, domin har ya mutu ba ya haɗiye harafi, kowace kalma sai ta fita da kanta da ƙafarta. A tashar KWKH da ke Shreveport ya samu shiga shirin Louisiana Hayride, a 1953 kuma waƙarsa "Mexican Joe" ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna Abbott. Wanda ya saba da Jim Reeves na rediyo, in aka sa masa waƙoƙin wannan lokacin, zai iya rantsewa wani ne daban. Murya a sama, da ƙarfi, ga goge irin na Turawa yana ta tsalle a baya.

Ya koma kamfanin RCA Victor a 1955, sannan a 1957 ya yi "Four Walls", wadda ta sauya masa hanya. A nan ne ya matso bakinsa dab da makirfo, ya saukar da murya ƙasa, ya rera kamar mai yi wa mutum ɗaya magana a ɗaki. Furodusansa Chet Atkins ya cire goge da jitar ƙarfe mai kuka, ya kawo fiyano da 'yan amshi masu taushin murya. Ba don nishaɗi kawai suka yi haka ba. A lokacin kiɗan su Elvis Presley ya kwashe matasa, kasuwar kantiri ta faɗi, sai masu kamfanoni a birnin Nashville suka shiga neman kunnen manya 'yan birni waɗanda ke ganin kantiri kiɗan ƙauye ne. Dabarar ta ci. "He'll Have to Go", wadda ta fito a ƙarshen 1959, ta yi mako 14 tana ta ɗaya a jerin kantiri a 1960, ta kuma kai ta biyu a jerin waƙoƙin Amurka baki ɗaya. Labarin waƙar ɗan kaɗan ne: mutum yana magana da masoyiyarsa ta waya, ya san akwai wani namiji a wurinta. Amma ka saurari yadda muryar ke nutsewa ƙasa a ƙarshen baiti ba tare da ta karye ko ta yi rawa ba. A wannan fannin Don Williams bai kama ƙafarsa ba, kuma ban san wani mawaƙin kantiri da ya kama ba.

Shi Don Williams an haife shi a 1939, ya taso a wani gari kusa da gaɓar teku a kudancin Teksas. Bai shigo kantiri da wuri ba. A shekarun 1960 yana cikin wata ƙungiya ta mutum uku, Pozo-Seco Singers, masu waƙoƙin gargajiyar Amurka da jita. Da ƙungiyar ta watse har sana'ar sayar da kujeru da gadaje ya taɓa, kafin ya koma Nashville a matsayin marubucin waƙa a wurin furodusa Jack Clement. Albam ɗinsa na farko, Volume One, ya fito a 1973 a kamfanin JMI, shekara tara bayan mutuwar Jim Reeves. A lokacin salon da su Chet Atkins suka ƙirƙiro ya yi ƙiba, ana ta jibga wa waƙa kayan kiɗa har mawaƙi ya kusa ɓacewa. Don Williams da furodusa Allen Reynolds sai suka bi ta ɗaya gefen, suka rage kaya. Jita mara lantarki, bes mai tafiya a hankali, Kenny Malone yana taɓa ganga da tafin hannu, Lloyd Green yana jan jitar ƙarfe can ƙasa-ƙasa. Akwai goge a wasu waƙoƙin, amma a bayan fage yake, sai ka kasa kunne za ka ji shi.

Wanda ya san abin da ya sa Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yake iya riƙe taro ba tare da tarin makaɗa ba, ya riga ya fahimci Don Williams. Magana ce a gaba, kiɗa kuwa rakiya kawai yake yi. Shi ya sa direbobin doguwar tafiya suka riƙe kaset ɗinsa. Kana iya sa fuska ɗaya ta ƙare, ka juya, ta ƙare, ba ka gaji ba. Jim Reeves kuwa zaƙinsa yana da ƙarfi. Waƙa uku ko huɗu na farko sai ka ji kamar kada su ƙare, amma in an jera maka goma sha biyu da 'yan amshin nan suna ta shagwaɓa a baya, wasu kunnuwan sukan ƙoshi. Wannan dai ɗanɗano ne, kuma na san dattawan da za su ce ban san daɗi ba.

Inda maganar ta wuce ɗanɗano shi ne abin da za ka tarar a cikin kwalin. Ranar 31 ga Yuli 1964 Jim Reeves yana tuƙa ƙaramin jirgin sama da kansa, tare da mai kaɗa masa fiyano Dean Manuel, hadari ya rutsa da su kusa da Nashville, jirgin ya faɗi, dukkansu suka mutu. Shekararsa 40. Ya bar tarin waƙoƙin da ba a fitar ba, wasu kammalallu, wasu kuwa gwaji ne kawai da ya ɗauka da jita. Matarsa Mary Reeves da kamfanin RCA suka yi shekaru suna sakin su kaɗan-kaɗan. Waƙoƙinsa biyar ne suka zo na ɗaya a jerin kantiri yana raye, shida kuma bayan ya mutu. "Distant Drums", wadda ta yi mako biyar tana ta ɗaya a Ingila a 1966, ana tsakiyar zamanin su Beatles, asalinta gwaji ce aka ɗora mata makaɗa daga baya.

Ita wannan ta yi kyau, ba musu. Matsalar ita ce ba a tsaya nan ba. Da sababbin waƙoƙi suka fara ƙarewa, sai aka koma ɗauko tsofaffi, a cire kiɗansu na asali, a ɗora wani sabo irin na shekarun 1970, a sake musu kwali. Har aka kai ga haɗa muryarsa da ta mawaƙiyar kantiri Patsy Cline a 1981, a matsayin waƙar mutum biyu, alhali ita ta mutu tun 1963, kuma ba su taɓa ɗaukar waƙa tare a sitidiyo ba. Saboda haka in ka ɗauki faifan Jim Reeves, sunan waƙar da ke bayan kwali bai isa ya gaya maka abin da za ka ji ba. Waƙa ɗaya tana iya zuwa maka da riga uku, kuma mai sayarwa bai san bambancin ba, balle ya gaya maka.

Sai batun mono da sitiriyo. Faifan sitiriyo bai shigo kasuwa ba sai 1958, don haka duk abin da Jim Reeves ya ɗauka kafin nan, har da "Four Walls", mono ne, wato sauti ɗaya ne ke fita ta kowace sifika. Da mutane suka koma sayen sitiriyo, kamfanoni suka riƙa ɗaukar tsohon mono su raba shi da na'ura, sauti mai kauri a hagu, siriri a dama, su ƙara masa amsa-kuwwa. Sakamakon shi ne muryar da aka san ta da kusanci sai ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. A bugun Amurka gane shi ba wuya: lambar faifan RCA in ta fara da LPM mono ne, in ta fara da LSP sitiriyo ne, in kuwa ka ga ƙaramin harafin e a ƙarshen lambar, to sitiriyon jabu ne. Wasu kwalayen sukan rubuta a sarari cewa an sake sarrafa sautin da lantarki. In ka samu mono na asali, ɗauke shi. Yana yi a kan kowane injin zamani, kuma ya fi jabun daɗi nesa ba kusa ba.

Na uku, maimaici. RCA yana da ƙananan tambura na fayafayai masu araha, Camden da RCA International, waɗanda suka yi ta jujjuya waƙoƙi iri ɗaya da sabon hoto da sabon suna. Kana iya sayen faifai uku ka tarar rabin waƙoƙin duk ɗaya ne. Akwai kuma 40 Golden Greats na kamfanin Arcade, wanda ya zo na ɗaya a Ingila a 1975, shi ya sa yake da yawa a duk inda kayan Ingila suka isa. A ido garaɓasa ce, waƙa 40 a faifai biyu. Amma fuskar faifai tana da iyaka. In aka cusa waƙa goma inda aka saba sa shida, dole a matse layukan, a rage ƙarfin sauti da kaurinsa. Kai kuma sai ka ƙara murya a injinka, ƙarar ƙura da karce su taso tare da ita. Kaurin nan da aka rage kuwa shi ne dukiyar Jim Reeves.

Abu na ƙarshe a wannan layin ya fi ban haushi. Bayan mutuwarsa ƙananan kamfanoni sun fitar da fayafayan karramawa, inda wani mai kwaikwayon murya yake rera waƙoƙinsa. Sunan Jim Reeves da manyan haruffa a gaba, sunan mai rerawar da ƙanana a wani lungu, ko ma babu. Duba takardar da ke tsakiyar faifan kanta, kada ka tsaya a kwali. In ba ka ga RCA ko ɗaya daga cikin tamburan da suka karɓi izininsa ba, ka yi hattara.

Wani abu da ke ruɗa sababbin masu tarawa shi ne karen nan mai leƙa bakin garmaho. A bugun Amurka na zamanin Jim Reeves, takardar tsakiya baƙa ce da hoton karen a sama, sai a ƙarshen shekarun 1960 aka koma ruwan lemo ba kare. Amma a Ingila wani kamfani ne daban, HMV, yake da haƙƙin wannan hoton, don haka bugun RCA na can bai taɓa ɗaukar kare ba, kuma kamfanin Decca ne yake buga musu a waɗannan shekarun. Tun da yawancin kayanmu na wancan lokacin ta Ingila suka biyo, rashin kare ba alamar jabu ba ne. Bugun Decca ɗin ma yana da kauri da inganci, in ka same shi da lafiyarsa ka yi sa'a.

Yanzu ka kwatanta da Don Williams. Shi yana raye aka yi fayafayansa da za ka tarar a kwali, da hannunsa a cikin haɗa sautin, duka sitiriyo ne na gaske, kuma daga 1973 zuwa 1981 da wuya ka nuna albam ɗaya ka ce wannan asara ce. Jerin a miƙe yake: Volume One da Volume Two a JMI, waɗanda ABC/Dot ya sake bugawa bayan ya koma can a 1974, sai Vol. III, sai You're My Best Friend a 1975, Harmony a 1976, Visions da Country Boy a 1977, Expressions a 1978. Da MCA ya saye ABC a 1979 sai Portrait, I Believe in You a 1980, da Especially for You a 1981. Rufe ido ka zaro ɗaya daga cikin waɗannan, za ka samu waƙa goma ko kusa da haka, a yadda mai su ya so su fita. Mutumin da waƙoƙinsa 17 suka zo na ɗaya, aka kuma ba shi kambun gwarzon mawaƙin kantiri namiji na 1978, bai taɓa sauya salo don biyan kasuwa ba. Ga mai saye a makance wannan babbar rahama ce.

In za a matsa mini in zaɓa, Volume One nake sa wa gaba, saboda "Amanda" da "I Recall a Gypsy Woman" suna ciki, kuma a nan kiɗan ya fi zama tsirara, har kana jin yatsa yana goga tsirkiya. Sai Expressions, wanda ya ɗan fi motsi, inda "Tulsa Time" take, waƙar da mawaƙin Ingila Eric Clapton ya ɗauka ya sake yi. Wanda kuma waƙoƙin da ya ji a motar haya yake nema, You're My Best Friend da I Believe in You su ne gidansa.

Ba wai Don Williams ba shi da nasa aibin ba. Abin da ya sa sayensa ba haɗari shi ne kuma abin da wasu ke ƙorafi a kai: in ka mallaki huɗu, na biyar ba zai ba ka mamaki ba. Tafiyar ɗaya ce, muryar ba ta hawa ba ta sauka sosai. Jim Reeves ya fi shi faɗin fage, ya yi na kaboyi, ya yi na soyayya da cikakkun makaɗa, ya yi na coci, ya yi na Kirsimeti, har da harshen Afirkans ya rera bayan ya zagaya Afirka ta Kudu a 1962, ya kuma fito a fim a can. Sannan robar da aka buga fayafayai da ita a shekarun 1970, musamman bayan tashin farashin man fetur na 1973, ta fi ta da sirantaka. Faifai siriri kuwa shi ya fi saurin lanƙwashewa in ya kwana a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu. Shi ma yana da fayafayan haɗe-haɗe da aka cusa wa waƙoƙi, irin Images na K-tel da ya fito a Ingila a 1978. Ba laifi a matsayin ɗanɗano, amma albam na asali ya fi shi cikar sauti.

Ka kuma lura da suna. Williams suna da yawa a cikin kwali. Hank Williams, wanda ya mutu ranar 1 ga Janairu 1953 yana ɗan shekara 29, babban ginshiƙin kantiri ne, amma muryarsa siririya ce mai kuka, ba dangin Don ba ne kuma ba salonsu ɗaya ba. Andy Williams ma ba ɗan kantiri ba ne sam.

Abin da waƙoƙin ke faɗa shi ma abin dubawa ne, tun da a falo za a sa su, yara da baƙi suna ji. Waƙoƙin Don Williams mafi yawa a kan zaman aure ne, da riƙon amana, da godiya ga matar da ta zama aminiya, da roƙon Allah ya sa yau ta yi kyau. Shi kansa da mace ɗaya ya zauna tun 1960 har mutuwarsa a watan Satumba na 2017. Ba ka cika jin mashaya da faɗa a bakinsa ba, abin da ya cika waƙoƙin kantiri na wasu. Ina ganin wannan na daga cikin dalilan da ya sa ya shiga gidajen Musulmi da na Kirista ba tare da an ɗaga gira ba, har ya je ya yi wasa a Harare ta Zimbabuwe a 1997. Na Jim Reeves na soyayya kuwa rabuwa da kewa da kishi sun fi yawa, cikin ladabi dai, ba batsa. Amma kaso mai tsoka na fayafayansa da ke yawo a ƙasar nan na addinin Kirista ne, irin God Be With You, da We Thank Thee na 1962, da Twelve Songs of Christmas na 1963. Ga ɗan'uwa Kirista a Jos ko Kafanchan ko Wusasa, wanda ya taso yana jin su ranar Lahadi da safe kafin a tafi coci, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci, kuma Don Williams ba shi da abin da zai maye masa gurbinsu. Musulmin da waƙar soyayya yake nema kuwa gara ya karanta sunayen waƙoƙin bayan kwali kafin ya biya, don ya san abin da ya ɗauko.

Masu son gyara kunnensu da Turanci, duka biyun malamai ne, sai dai Jim Reeves ya ɗan fi, saboda horon rediyon nan. Don Williams yana jan harshe irin na mutanen Teksas, kuma wata waƙar tasa kamar "Good Ole Boys Like Me" cike take da sunayen marubuta da mawaƙa da al'adun kudancin Amurka, wanda bai san wurin ba rabinta zai wuce shi.

Lafiyar faifan kanta tana iya rushe duk lissafin da na yi a sama. Faifan Jim Reeves na asali yau ya haura shekara 60, kuma ya yi ƙuruciyarsa ne a zamanin rediyogiram mai nauyin hannu, wanda in allura ta fara tsalle sai a ɗora mata kwabo a ka. Irin wannan allurar tana cinye layi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa ko da wane irin wanki. Na Don Williams sun zo lokacin da injina suka yi sauƙin hannu, kuma ba su daɗe ana murza su ba kaset ya karɓe fage, aka tura su cikin kabad. Shi ya sa a cikin kwali ɗaya za ka fi samun nasa da sauran ƙyalli. Waƙa mai sanyi kuwa ba ta ɓoye karce. Kiɗa mai hayaniya yana iya rufe ƙaf-ƙaf ɗin ƙura, amma mutumin da ke raɗa maka a kunne, ko ɗan tsinke ya gitta sai ka ji.

Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Zaro faifan daga kwali, ka riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu, ka fita da shi haske ka karkata. Lafiyayye baƙi ne wuluk, yana walƙiya. Wanda allura ta cinye za ka ga layukansa sun yi toka-toka, musamman waƙar ƙarshe ta kusa da tsakiya. Karcen da ido ke gani amma farce bai ji shi ba, yawanci ba ya hana sauraro. Wanda farcenka ya maƙale a ciki, za ka ji shi a kowane zagaye. Duba bakin ramin tsakiya: in takardar ta cika da 'yan zane-zane inda aka yi ta laluben ƙusa, an sha shi sosai. Sannan ka ɗaga shi daidai idonka ka duba ko ya yi kwano. Ƙura ba abin tsoro ba ce, ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi suna fitar da ita, in ka bi da'irar layin kuma ba ka jiƙa takardar ba. Kananzir da fetur kuwa ko kusa. A gida ka jera su a tsaye, nesa da taga, ka rufe su a lokacin hunturu.

Injin ma yana da nasa tarkon. Tsohon garmaho na wani, mai allurar ƙarfe, na fayafayai masu gudun 78 ne, wato zagaye 78 a minti, in ka ɗora masa babban faifai mai gudun 33 sau ɗaya ya isa ya kashe shi. In kuma na lantarki za ka saya a gwanjo, duba bayansa. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce, ta Amurka 60. Tsofaffin injinan Amurka da yawa da bugun wutar suke auna gudunsu, saboda haka ko ka sa musu na'urar rage ƙarfin wuta, za su juya da kasawar kashi ɗaya cikin shida. Muryar Don Williams, wadda da ma a ƙasa take, sai ta koma gurnani. Nemi wanda aka yi don Ingila ko Turai, ka kuma sake masa allura sabuwa kafin ka ɗora masa abin da kake ji da shi.

Wa ya kamata ya saɓa wa shawarata ya fara da Jim Reeves? Mai neman waƙoƙin coci da na Kirsimeti, na riga na faɗa. Sai wanda murya ita ce buƙatarsa, wanda zai iya zama ya maimaita baiti ɗaya don ya ji yadda aka ja numfashi. Sai kuma wanda ya gaji fayafayan a gida, ya san hannun da ya riƙe su. Irin waɗannan su nemi abin da ya fito tsakanin 1957 da 1964, yana raye: He'll Have to Go na 1960, A Touch of Velvet na 1962, Moonlight and Roses da The Best of Jim Reeves na 1964. Shekarar tana nan a bayan kwali ko a takardar tsakiya. Duk abin da ya wuce 1966 a ɗauke shi da shakka har sai an ji da kunne. Wanda kuma yake son ya ji komai a yadda aka ɗauke shi, ba lallai sai a roba ba, kamfanin Bear Family na Jamus ya tattara aikinsa a CD 16 a 1994.

Ga mai kuɗin faifai huɗu da bai shiga cikin waɗancan ba, lissafina uku da ɗaya ne. Don Williams uku daga jerin 1973 zuwa 1981, waɗanda suka fi lafiya a cikin abin da ka tarar, ko da ba su ne na ambata ba. Na huɗun ka ajiye kuɗinsa a aljihu har ranar da Jim Reeves na kirki ya faɗo, na zamanin rayuwarsa, mono ko sitiriyo na gaske. Ranar kuwa ka ce wa mai kaya ya sa maka waƙar ƙarshe ta kowace fuska, ba ta farko ba, domin a nan lalacewa take fara bayyana. In ya ce ba wuta ko ba inji, ka taya shi a farashin wanda ba a gwada ba, in bai sallama ba ka bar masa kayansa.